E. H. Shepard: Mai zanen da zanensa ya fi shi suna

Wani dare a lokacin sanyin bara, ina karanta wa 'yata Winnie-the-Pooh kafin barci, sai ta dafe shafin da hannu ta tambaye ni wa ya yi hotunan. Ni da na karanta mata littafin nan ya fi sau ashirin, sai na yi tsuru. Sunan marubucin, A. A. Milne, na san shi. Na mai zanen kuwa sai da na juya bango na gan shi a ƙasa: E. H. Shepard. Kunyar da na ji ce ta sa na bi sawun mutumin nan, kuma abin da na tarar ya isa in kawo muku.

An haifi Ernest Howard Shepard a Landan ranar 10 ga Disamba, 1879. Mahaifinsa mai zanen gine-gine ne, mahaifiyarsa kuma 'yar wani mai zane ce, ita ce ta riƙa ƙarfafa masa gwiwa tun yana ƙarami. Yana ɗan shekara 10 ta rasu. Bai bar fensir ba, har ya samu shiga makarantar zane ta Royal Academy. A can ya haɗu da Florence Chaplin, ita ma mai zane, suka yi aure a 1904, suka haifi Graham da Mary. Burinsa a lokacin shi ne mujallar barkwanci ta Punch ta buga zanensa. Ya sha aikawa ana dawo masa da shi kafin ƙofar ta buɗe.

Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Ya haura shekara 30, ga iyali, amma ya shiga rundunar masu igwa. Ya yi yaƙi a Faransa da Beljiyam da Italiya, ya samu lambar jarunta ta Military Cross, ya gama da muƙamin manjo. A yaƙin Somme na 1916 aka kashe yayansa Cyril. Ku riƙe wannan, don hannun da ya zana dabbobin da yaranmu ke wa dariya shi ne ya yi shekaru yana saita igwa.

A 1921 Punch ta ɗauke shi aiki na dindindin. Daga nan aka haɗa shi da Milne, wanda da farko bai ga wani abin a zo a gani a zanensa ba. Littafin waƙoƙin yara da suka fitar a 1924, When We Were Very Young, ya yi kasuwa sosai, shakkar Milne ta kau. Winnie-the-Pooh ya biyo a 1926, sai Now We Are Six a 1927, sai The House at Pooh Corner a 1928. Milne ya sa aka riƙa ba shi kaso daga cinikin littattafan, abin da ba kasafai ake yi wa mai zane a zamanin ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake aiki. Bai zauna a ɗaki ya ƙirƙiro daji daga kansa ba. Ya tafi dajin Ashdown a yankin Sussex, kusa da gidan gonar Milne, ya zana bishiyoyin yadda suke. Jakin nan mai ɓacin rai da ɗan aladen, daga kayan wasan ɗan Milne ya kwaikwayo su. Shi kuwa Pooh, 'yar tsanar beyar ce ta ɗansa Graham, wadda suke kira Growler. Layukansa 'yan kaɗan ne, da alƙalami da tawada, amma daga yadda jakin ya sunkuyar da kai ka san halin da yake ciki. Kuma hotunan na shiga tsakiyar rubutu, suna tafiya tare da labarin, yaron da bai iya karatu ba yana bin su da yatsa.

Ana cikin wannan nasara, a 1927, Florence ta rasu. Ya duƙufa ga aiki. A 1931 ya yi wa The Wind in the Willows zane, labarin kwaɗo da ɓera da abokansu na bakin kogi. Kafin ya fara sai da ya ziyarci marubucin, Kenneth Grahame, wanda ya tsufa a garin Pangbourne, ya bi gaɓar kogin Thames yana zane. Grahame ya rasu a 1932. A 1943 kuma, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da jirgin yaƙin da Graham ke ciki a tekun Atlantika. Yaron da ya mallaki Growler ke nan. Tun da na san wannan, in na kalli Pooh sai in tuna uba ne ya zauna yana zana abin wasan ɗansa. Mary ce ta gaje shi, ita ta yi hotunan littattafan Mary Poppins tun daga 1934.

Shepard ya yi shekaru sama da 30 a Punch, yana zanen siyasa da na al'amuran yau da kullum, har zuwa 1953 da sabon edita ya sallame shi. Ya yi wa littattafai da dama zane, ya rubuta tarihin rayuwarsa. Amma duk inda ya shiga, zancen Pooh ake masa, har abin ya riƙa damunsa, yana ganin aikin 'yan shekaru ya danne na rayuwa guda. Duk da haka bai juya masa baya ba. Ya ba gidan tarihi na Victoria and Albert zanen gwajinsa kusan 300, kuma yana da shekara 90 da 'yan kai ya zauna ya sa wa hotunan Pooh launi. Ya rasu ranar 24 ga Maris, 1976, yana da shekara 96. A 2018 aka yi gwanjon taswirar dajin da ya zana a kan fam 430,000.

Mu da muka taso da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a bakin kaka, kowa da irin Gizon da ya zana a ransa. Yaranmu na nan ƙetare kuwa da ido suke fara shiga labari, kuma abin da aka zana musu shi suke riƙewa. Da na gama ba 'yata labarin Shepard, sai ta tambaye ni yaya kamannin Gizo yake. Na ba ta takarda da fensir. Kafin ta fara, na ce mata ta rubuta sunanta a ƙasa, da manyan baƙaƙe.