Sidi Abdulƙadir Jilani da Halinsa na Kyauta

An haifi Shehunmu Sidi Abdulƙadir, Allah Ya ƙara masa yarda, a ƙasar Jilan a shekara ta 470 bayan Hijira. Yana ɗan shekara 18 ya shiga Bagadaza neman ilimi. Ya karanta Fiƙihu a wurin Shehu Abu Sa'id al-Mukharrimi, ya sami tarbiyya a hannun Shehu Hammad ad-Dabbas. A waɗannan shekaru ya sha yunwa matuƙa, har takan kai shi ga cin ganyayen bakin kogi.

Da Allah Ya buɗa masa, bai manta da wannan yunwa ba. Kullum dare sai ya sa a shimfiɗa abinci, ya ci tare da baƙi da miskinai. Abin da ya shigo hannunsa ba ya kwana.

Ya fara wa'azi a shekara ta 521, a makarantar Shehu Abu Sa'id da ke Babul Azaj. Da wurin ya yi wa jama'a kaɗan, su da kansu suka tashi faɗaɗa shi: mawadata suka kawo dukiya, talakawa suka ba da ƙarfinsu, aka kammala a 528. Ya yi wafati a 561, aka binne shi a wannan makaranta.

Ya ku 'yan'uwa, zawiyya ba ta rayuwa da hannu ɗaya. Wanda ya sha daga falalarta, to ya mayar gwargwadon ikonsa. Allah Ya ba mu albarkacin Shehu, amin.