Dokta Muhammad Musaddiƙ Na Iran: Ya Ci Shari'a, Ya Rasa Mulki

A wannan fitowa na zaɓi in kawo mana tarihin Dokta Muhammad Musaddiƙ, wanda ya riƙe muƙamin Firayim Ministan ƙasar Iran daga 1951 zuwa 1953. Dalilina kuwa shi ne, mu 'yan ƙasa ce mai arzikin man fetur, kuma duk mai son ya gane yadda rigimar mai take tsakanin ƙasashe, da wuya ya sami misalin da ya wuce na wannan dattijo. Shi ne ya karɓe rijiyoyin man ƙasarsa da matatar da ta fi kowace girma a duniya a wancan zamani daga hannun wani kamfani da gwamnatin Ingila ke da mafi yawan hannun jarinsa. Ya yi nasara a gaban Kotun Duniya, amma bai cika shekara biyu da rabi a kan mulki ba aka tumɓuke shi.

An haifi Musaddiƙ a birnin Tehran a 1882, a gidan sarauta da wadata. Mahaifinsa babban ma'aikacin baitulmali ne, mahaifiyarsa kuwa gimbiya ce daga zuriyar Ƙajar masu sarautar ƙasar a lokacin. Yana da shekara goma mahaifinsa ya rasu, kuma tun bai kai shekara ashirin ba aka ɗora masa kula da lissafin harajin lardin Khurasan. Daga baya ya tafi karatu birnin Faris na Faransa, sa'an nan ya zarce Jami'ar Neuchatel da ke Suwizalan, inda ya sami digirin dokta a fannin shari'a a 1914.

Da ya komo gida ya riƙe muƙamai da dama, har da gwamnan lardin Fars, da ministan kuɗi, da ministan harkokin waje. Tun a nan aka san shi da halaye biyu, wato ƙyamar cin hanci da kafewa a kan abin da doka ta ce. A 1925, lokacin da majalisa ta tashi kawar da gidan Ƙajar don share wa Janar Reza Khan hanyar hawa gadon sarauta, Musaddiƙ yana cikin 'yan tsirarun da suka ƙi, don yana ganin hakan ya saɓa wa tsarin mulki. Wannan ya jawo masa shekaru masu yawa na zaman kaɗaici a gonarsa da ke ƙauyen Ahmadabad, har da ɗauri a 1940. Sai bayan da sojojin Ingila da na Tarayyar Sobiyet suka shiga Iran a 1941, suka tilasta wa Reza Shah ya sauka ya bar wa ɗansa Muhammad Reza sarauta, sa'an nan ya sami damar komawa siyasa. Aka sake zaɓensa majalisa a 1944.

To, a nan ya kamata in ɗan koma baya in bayyana asalin rigimar. A 1901 sarkin Iran ya ba wani attajiri Baturen Ingila mai suna William Knox D'Arcy izinin neman mai a mafi yawan ƙasar har tsawon shekara 60, a kan za a riƙa ba Iran kashi 16 cikin 100 na riba. Aka dace da man a Masjid Sulaiman a 1908, aka kafa kamfanin Anglo-Persian Oil Company a 1909, aka kuma gina matata a tsibirin Abadan. A 1914, bisa matsawar Winston Churchill, wanda shi ke kula da rundunar jiragen ruwan yaƙi, gwamnatin Ingila ta sayi kashi 51 cikin 100 na kamfanin, saboda jiragenta sun bar ƙona gawayin kwal sun koma mai. Daga ranar nan, duk wanda ya taɓa kamfanin, to gwamnatin Ingila ya taɓa.

An sake yarjejeniyar a 1933, aka ƙara wa'adinta zuwa 1993, kuma a 1935 aka sauya sunan kamfanin zuwa Anglo-Iranian Oil Company. Amma koke-koken Iraniyawa ba su gushe ba. Ba a yarda su duba littattafan lissafin kamfanin ba, balle su san ainihin ribar da ake ba su kaso a ciki. Harajin da kamfanin ke biyan gwamnatin Ingila ya zarce abin da yake biyan Iran mai man. Manyan ayyukan matatar na Turawa ne, suna zaune a unguwanninsu masu lambuna, alhali dubban leburori 'yan ƙasa na kwana a bukkokin gwangwani a wata unguwa da ake kira Kagazabad, ma'ana garin takarda. Abin ya ƙara tsami a ƙarshen 1950, da kamfanin Aramco na Amurkawa ya amince ya raba riba rabi da rabi da Saudiyya, su kuwa Ingilishi suka yi ta jan ƙafa har lokaci ya ƙure musu.

Musaddiƙ ne ya jagoranci kwamitin majalisa mai kula da sha'anin mai, kuma gamayyar 'yan kishin ƙasa da ya kafa a 1949 ita ce kan gaba wajen neman a mayar da man hannun ƙasa. Ranar 7 ga Maris 1951 aka harbe Firayim Minista Ali Razmara, wanda ya ƙi goyon bayan wannan buƙata. Kafin ƙarshen watan majalisun ƙasar biyu suka zartar da ƙudurin, a ƙarshen Afrilu kuma aka naɗa Musaddiƙ Firayim Minista. Nan take aka kafa kamfanin mai na ƙasa don ya gaji na Turawa. Musaddiƙ ya yi alkawarin biyan diyya, ya kuma nemi ma'aikatan Ingila su ci gaba da aiki a ƙarƙashin sabon kamfanin. Suka ƙi, kuma a watan Oktoba na ƙarshensu suka fice daga Abadan.

A fagen shari'a da muhawara, Ingila ba ta ji da daɗi ba a hannunsa. Ta kai ƙara Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, shi kuwa ya tashi takanas ya je New York a Oktoba 1951 ya kāre ƙasarsa, kwamitin ya jingine maganar. Ta kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Hague, nan ma ya je da kansa. Hujjarsa ita ce yarjejeniyar 1933 tsakanin Iran ce da wani kamfani, ba tsakanin ƙasa da ƙasa ba. Ranar 22 ga Yuli 1952 kotun ta yanke cewa ba ta da hurumin sauraron ƙarar. Sunansa ya cika duniya, har mujallar Time ta Amurka ta zaɓe shi gwarzon shekarar 1951. Dattijo ne mai yawan rashin lafiya, sau da yawa a kan gadonsa yake ganawa da manyan baƙi, kuma yakan zubar da hawaye in yana jawabi, amma talakawa sun yarda da shi domin sun san ba ya cin dukiyarsu.

Sai dai kuma, jama'a, mallakar rijiya daban, mallakar guga daban. Ingila ta ƙaƙaba wa Iran takunkumi, ta riƙe kuɗaɗenta da ke bankunan Landan, ta jibge jiragen yaƙi a Tekun Fasha, ta kuma yi shelar cewa duk wanda ya sayi man Iran kayan sata ya saya. Manyan kamfanonin mai na duniya, waɗanda su ke da jiragen dako da kasuwanni, suka mara mata baya, suka ƙara yawan man da suke haƙowa a Kuwaiti da Iraƙi da Saudiyya, don haka duniya ba ta ji rashin man Iran ba. Wani jirgin dako mai suna Rose Mary da ya yi kasada ya ɗauko man a 1952, sai aka tilasta masa shiga tashar Aden aka tsare shi. Ga shi kuma Iran ba ta da isassun injiniyoyin da za su tafiyar da matata irin ta Abadan yadda take a da. Man da ake fitarwa waje ya kusa tsayawa cak, aljihun gwamnati ya bushe.

An yi ƙoƙarin sulhu sau da yawa. Shugaba Truman na Amurka ya aiko da manzonsa Averell Harriman, Bankin Duniya ma ya shiga tsakani, amma kowane zama yakan watse a kan abu biyu: wa zai riƙe ragamar aikin, kuma shin diyyar za ta haɗa da ribar da kamfanin zai samu har zuwa 1993? Musaddiƙ ya ga cewa amincewa da wannan tamkar sake sayar da ƙasar ne. A Oktoba 1952 ya yanke hulɗar jakadanci da Ingila.

A cikin gida ma bango ya fara tsagewa. A Yuli 1952 ya yi murabus saboda sarki ya hana shi ikon naɗa ministan yaƙi, jama'a suka fito zanga-zanga, aka zubar da jini, sarki ya mayar da shi cikin kwana biyar. Bayan haka ya nemi majalisa ta ba shi ikon yin doka shi kaɗai na wata shida, aka kuma ƙara masa shekara guda. Wannan ya raba shi da manyan abokan tafiyarsa, musamman Ayatullahi Kashani mai ɗimbin mabiya. A Agusta 1953 ya shirya ƙuri'ar raba gardama don rushe majalisa, inda aka ware rumfar masu goyon baya daban da ta masu adawa. A ganina nan ne ya ba maƙiyansa makami, domin mutumin da aka sani da kāre tsarin mulki ya wayi gari ana zarginsa da take shi.

Truman bai yarda da juyin mulki ba, amma da Eisenhower ya hau mulki a 1953 sai Ingila ta sauya salon magana, ta daina kukan mai, ta koma nuna haɗarin jam'iyyar Tudeh ta 'yan gurguzu da maƙwabtakar Iran da Tarayyar Sobiyet. Hukumomin leƙen asirin ƙasashen biyu, CIA da MI6, suka shirya makirci a ƙarƙashin jagorancin Kermit Roosevelt, aka sayi 'yan jarida da hafsoshi da 'yan daba. Yunƙurin farko ya ci tura, har sarki ya tsere zuwa Bagadaza, daga can ya wuce Rum. Ranar 19 ga Agusta aka sake fitowa, tankokin yaƙi suka ragargaza gidan Musaddiƙ, mutane da yawa suka mutu, Janar Fazlullah Zahidi ya karɓi mulki. Kotun soja ta ɗaure Musaddiƙ shekara uku shi kaɗai a ɗaki, sa'an nan aka yi masa ɗaurin talala a Ahmadabad har ya rasu ranar 5 ga Maris 1967 yana da shekara 84. Hukuma ta hana a yi masa jana'izar jama'a, a cikin gidansa aka rufe shi. Ministansa na harkokin waje, Husaini Fatimi, harbe shi aka yi a 1954.

Wani abin lura shi ne, Ingila ma ba ta sami abin da take so ba. A yarjejeniyar 1954 man ya ci gaba da zama na Iran a takarda, amma aka damƙa aikinsa ga gamayyar kamfanonin waje. Kamfanin Ingila, wanda a shekarar ya koma British Petroleum, ya tsira da kashi 40 kacal, Amurkawa suka sami 40, Shell 14, Faransawa 6, aka kuma koma ga rabon riba rabi da rabi da aka yi ta jan ƙafa a kansa tun farko. Amurka kuwa ta sayi ƙiyayyar da ta bayyana a juyin juya halin 1979, lokacin da ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancinta a Tehran suka tsare ma'aikatansa kwana 444. Sai a 2013 CIA ta fito da takardun da suka tabbatar da hannunta a juyin mulkin.

Wannan kamfani ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne ya haɗa gwiwa da Shell wajen neman mai a Nijeriya, da farko da sunan Shell-D'Arcy, daga baya Shell-BP, har aka dace a Oloibiri a 1956. Da yawanmu za mu tuna yadda a 1979 gwamnatin Janar Obasanjo ta karɓe kadarorin BP saboda rikicin kudancin Afirka, gidajen mansa suka koma AP. Babu wanda ya turo mana jirgin yaƙi, domin zamani ya sauya. An kafa ƙungiyar OPEC tun 1960, kuma ƙasashe masu mai sun koyi tsayawa tare, abin da Musaddiƙ bai samu ba a lokacinsa.

Darasin da na ɗauka daga rayuwar wannan bawan Allah shi ne, gaskiya da doka suna iya ba ƙasa haƙƙin mallakar arzikinta, amma ba su isa su riƙe mata shi ba, sai in tana da 'ya'yan da za su haƙo, su tace, su yi dako, su sayar, kuma kan shugabanninta a haɗe yake. A cikinmu akwai injiniyoyi da lauyoyi da ma'aikatan gwamnati, ga kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke zaune a azuzuwan da muka bari. Duk lokacin da muka tashi taimaka wa makarantarmu da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ko littattafai, mu tuna da Abadan. Allah ya jiƙan Dokta Musaddiƙ, amin.