Marigayi Alhaji Abubakar Imam

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin 1911. Bayan ya sauka daga Kwalejin Katsina ya kama koyarwa, har gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ta fito da shi fili da Ruwan Bagaja. A zamanin da jama'a ke ƙyamar boko, ya zauna Zariya ya tace labarun Larabawa da Indiya da Turai, ya sa musu rigar Hausa cikin Magana Jari Ce, aikin da har yau da wuya a kamo ƙafarsa. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, bai kuwa saki neman sani ba. Tafiyarsa Ingila a 1943 ma littafi ta haifa, Tafiya Mabuɗin Ilmi. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a 1981.