Marigayi Alhassan Ɗantata da Zuwan Jirgin Ƙasa Kano

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, bari mu tuna da Alhaji Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa fatake. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, ya tashi yana fataucin goro tsakanin Gwanja da Kano.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai gari ya sake kama. Baƙi suka yi ta kwararowa, masaukai da kantuna suka yawaita a Fagge da Sabon Gari, ayarin jakuna kuwa ya fara ja da baya. Alhassan bai tsaya kukan tsohuwar hanya ba. Ya lura gyaɗa ce za ta cika taragun nan, ya shiga saye wa kamfanin Neja, yana ba yaransa jari su bi ƙauyuka. A 1929 ya kai kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 bankin Turawa da ke Kano.

Ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Allah ya jiƙansa, amin.