Irene Parlby (1868–1965): Wakiliyar Matan Manoma da Dokar Tace Iri

Matan Arewacin Nijeriya ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kansa. Saboda haka idan muka ji labarin matan da suka shiga majalisa tun kafin nan da shekara hamsin, sai mu ɗauka duk abin yabo ne. A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu duba rayuwar ɗaya daga cikinsu, wata mutuniyar Kanada, domin mai karatu ya auna da kansa.

An haifi Irene Marryat a birnin Landan ran 9 ga Janairu, 1868. Mahaifinta hafsan soja ne, don haka ta yi wani sashe na ƙuruciyarta a Indiya, sa'ad da ƙasar take hannun Ingila. A 1896 ta tafi yammacin Kanada, ta auri Walter Parlby a 1897, suka zauna a gona kusa da garin Alix, cikin yankin da ya zama jihar Alberta a 1905.

Zaman karkara a can ba irin namu ba ne. A ƙasar Bichi ko Dambatta gona tana jingine da gona, mai naƙuda ta yi kira maƙwabciya ta ji. A can kuwa tsakanin gida da gida tafiya ce mai nisa, ga ƙanƙara tana rufe hanya watanni, ba ungozoma, ba likita. Wannan hali ne ya jawo ta cikin ƙungiyar matan manoma ta Alberta, har ta shugabance ta daga 1916 zuwa 1920. Ta matsa a gina asibitocin karkara, a tura ma'aikatan jinya ƙauyuka, a gyara makarantun 'ya'yan manoma. A 1921 mutanen mazaɓar Lacombe suka zaɓe ta ƙarƙashin jam'iyyar manoma, aka naɗa ta minista maras ma'aikata, mace ta farko da ta riƙe minista a jihar. Ta zauna a majalisa har 1935.

Abin da ya fi fito da sunanta shi ne ƙarar da ta kai tare da wasu mata huɗu a 1927, suna neman a fayyace ko kalmar mutum a tsarin mulkin Kanada ta haɗa da mace, watau ko mace za ta iya zama a majalisar dattawa. Kotun Ƙoli ta ƙasar ta ce a'a. Suka ɗaukaka ƙara zuwa Landan, ga kotun da ita ce ta ƙarshe ga Nijeriya ma har 1963, ta kuwa ba su gaskiya ran 18 ga Oktoba, 1929.

To, amma a daidai waɗannan shekaru ne gwamnatin da take minista a ciki ta kafa dokar 1928, wadda ta ba da ikon yi wa mutum aikin da zai hana shi haihuwa har abada. Tushen dokar wata aƙida ce da Francis Galton ya laƙaba wa suna yujenik a 1883, mu kuwa za mu kira ta aƙidar tace iri. Masu ita sun ɗauka cewa raunin hankali da talauci da aikata laifi duk gado ne, don haka maganinsu shi ne a hana wasu haihuwa. Ba wuya a gane yadda ta shiga ran manoma. Wanda ya saba ware zangarniya mai kyau don iri, ya dandaƙe ɗan maraƙin da bai yi masa ba, zai ga kamar hikima ce. Sai dai gero ba shi da uwa, ba a kuma tambayar yardarsa. Ƙungiyar matan manoma tana cikin waɗanda suka fi neman a yi dokar, Parlby kuwa ta goyi bayanta a fili.

A ganina, kuskure ne a ce alherinta daban, wannan aibi daban. Tunani guda ne ya haifi duka biyun, watau cewa hukuma ce ta san abin da ya dace da jikin talaka. Hannun da ya aika da ma'aikaciyar jinya ƙauye shi ne ya kafa kwamitin mutum huɗu mai yanke wa mutane hukuncin haihuwa. Kafin a soke dokar a 1972 an yi wa mutum wajen 2,800 aikin. A 1937, bayan ta bar majalisa, aka cire sharaɗin neman yardar waɗanda aka ce masu raunin hankali ne. Wuƙar ta fi sauka a kan mata da marasa galihu, 'yan asalin ƙasar kuma, waɗanda Turawa suka tarar, kasonsu ya zarce yawansu a jihar. Wariyar launi ba ɓoyayya ba ce a tsakanin matan nan biyar: Emily Murphy, jagorar ƙarar, ta wallafa littafi a 1922 inda ta ɗora wa 'yan Sin laifin yaɗuwar miyagun ƙwayoyi. Ƙuri'ar da matan Alberta suka samu a 1916 ma ba ta haɗa da matan ƙabilun asali masu rajista ba. Su sai a 1960 suka sami ta tarayya.

Parlby ta wakilci Kanada a Majalisar Ƙawancen Ƙasashe a 1930, Jami'ar Alberta kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1935. Ta rasu a garin Red Deer ran 12 ga Yuli, 1965, tana da shekara 97. A wannan gari ne, a 1959, aka yi wa wata yarinya mai shekara 14, Leilani Muir, aikin a makarantar gwamnati, aka ce mata tiyatar hanji ce. Ta yi ƙarar gwamnati, ta ci shari'a a 1996, gwamnatin Alberta ta nemi gafarar waɗanda abin ya shafa a 1999. Shekara goma bayan haka, a 2009, majalisar dattawan Kanada ta naɗa Parlby da abokanta huɗu sanatocin girmamawa.