WILT CHAMBERLAIN: GWARZON DA KAMBU NA BIYAR YA KUƁUCE WA

Daga wakilinmu

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Amurka don mu kawo muku tarihin wani dogon mutum da ya sha zamaninsa a fagen ƙwallon kwando, wato marigayi Wilt Chamberlain. A babbar gasar ƙasar, wadda ake kira NBA, kowace shekara akan zaɓi ɗan wasa guda a naɗa masa kambun gwarzon shekara. Shi wannan kambu ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ɗauka a 1994. To, Wilt sau huɗu ya ɗauke shi. Da girma ya fara kama shi, sai aka zuba ido a ga ko zai ƙara na biyar. Bai ƙara ba, amma abin da ya samu a madadinsa ya isa a ba da labari.

An haifi Wilt a birnin Filadelfiya ran 21 ga watan Agusta, 1936. Da ya gama tsawo ya kai ƙafa bakwai da inci ɗaya, ga ƙarfi, ga kuma gudu da tsalle, abin da ba a cika samu ba wajen dogaye irinsa. Ya yi wa Jami'ar Kansas wasa, inda a 1957 suka kai wasan ƙarshe na jami'o'i, aka ƙara lokaci har sau uku, daga bisani aka cinye su da ratar maki ɗaya tak. Daga nan ya yi shekara guda tare da 'yan wasan ban dariyan nan na Harlem Globetrotters, sa'an nan a 1959 ya shiga ƙungiyar Warriors ta garinsu.

Shigarsa ke da wuya sai ya gagari kowa. A kakarsa ta farko, in an yi raba-daidai, yana cin maki 37.6 a kowane wasa, aka kuwa haɗa masa kambun sabon shiga da na gwarzon shekara a 1960, abin da ba a taɓa yi wa wani ba kafinsa. Ran 2 ga watan Maris, 1962, a garin Hershey, ya ci maki 100 shi kaɗai a kan ƙungiyar Knicks ta Niyu Yok, aka tashi 169 da 147. Har yau ba a sami wanda ya kamo wannan ba. A wannan kaka maki 50.4 yake ci a kowane wasa. Ku tuna, a lokacin babu jifan nesa mai maki uku, kowane kwando maki biyu ne, jifan tara kuma maki ɗaya.

Amma duk da wannan bajinta, a 1962 ba shi aka ba kambun ba. A zamanin 'yan wasa ne da kansu ke jefa ƙuri'a, sai suka zaɓi Bill Russell na ƙungiyar Celtics ta Bostan. Shi Russell ba ya cin maki da yawa, aikinsa tsare gida da cafe ƙwallon da ta bugi kwando ta dawo, amma ƙungiyarsa ce ke ɗauke kofi shekara bayan shekara. Nan fa aka fara yi wa Wilt gorin cewa shi kansa yake yi wa wasa, maki nasa, kofi na Russell.

A farkon 1965 aka mayar da shi ƙungiyar 76ers ta Filadelfiya. A can ne mai horarwa Alex Hannum ya shawo kansa ya rage jifa, ya riƙa miƙa wa abokan wasa. A kakar 1966 zuwa 1967 makinsa ya sauko zuwa 24.1, amma ƙungiyar ta ci wasa 68 cikin 81, ta kawar da Bostan wadda ta jera kofi takwas, ta ɗauki kofin. Wilt kuwa ya jera kambun gwarzo uku, a 1966 da 1967 da 1968. A wannan shekara ta ƙarshe ma shi ya fi kowa yawan miƙa ƙwallon da aka ci maki da ita, har sau 702.

A 1968, yana dab da cika shekara 32, ya koma ƙungiyar Lakers ta Los Anjalis, inda ya tarar da Jerry West da Elgin Baylor. Abin bai zo da sauƙi ba. A 1969 Bostan ta sake kayar da su a karo na bakwai na wasan ƙarshe. A watan Nuwamba na shekarar jijiyar gwiwarsa ta tsinke, aka yi masa aiki, wasa 12 kacal ya buga a kakar. Ya daure ya dawo, suka kai wasan ƙarshe a 1970, Knicks ta cinye su. A daidai wannan lokaci kuma ga wani matashi ya ɓullo a ƙungiyar Bucks ta Milwoki, wato Karim Abdul-Jabbar, wanda Wilt ya girme shi da kusan shekara goma sha ɗaya, ya kuma san shi tun yana ɗan makaranta. Karim ya ɗauki kambun gwarzo da kofi duka a 1971.

To, a nan ne labarin ya juya. A 1971 Lakers ta ɗauko Bill Sharman, tsohon abokin wasan Russell, ya zama mai horarwa. Sharman ya nemi Wilt, mai shekara 35, ya rungumi irin aikin tsohon abokin hamayyarsa: ya tsare gida, ya cafe ƙwallo, ya wurga wa su West da Gail Goodrich su ruga su ci. Kowa ya san wanda ya bar cin maki ya rage wa kansa ƙuri'a, domin ido maki yake fara gani. Wilt ya amince. Makinsa ya faɗo zuwa 14.8 a wasa, amma ya fi kowa cafe ƙwallo, 19.2 a kowane wasa. Lakers ta ci wasa 33 a jere, abin da har yau ba a karya ba, ta gama kakar da nasara 69 cikin 82.

Da aka ƙirga ƙuri'u a 1972, Karim ne ya sake lashewa, don kuwa maki 34.8 yake ci a wasa. West ya zo na biyu, Wilt na uku. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Da aka zo zagayen fid da gwani, Lakers ta gamu da Bucks, dattijo ya tsaya wa yaro a gindin kwando, suka fitar da su da ci huɗu da biyu. A wasan ƙarshe kuma suka rama wa Knicks da ci huɗu da ɗaya. A karo na biyar Wilt ya shiga fili da ciwo a wuyan hannu, an naɗe shi da bandeji, ya ci maki 24, ya cafe ƙwallo 29. Shi aka zaɓa gwarzon wasan ƙarshe, kuma wannan ne kofin farko da Lakers ta ɗauka tun komawarta Los Anjalis.

Ya ƙara kaka ɗaya, inda cikin kowane jifa ɗari kusan 73 ke shiga, amma kambun 1973 ya tafi wajen Dave Cowens na Bostan. A shekarar ya bar gasar da maki 31,419, ya kuma cafe ƙwallo sau 23,924, adadin da har yau ba a kamo ba. Cikin wasa 1,045 ba a taɓa fitar da shi daga fili don yawan laifi ba. Karim ɗin nan ne dai ya zarce shi a yawan maki a 1984. Bayan ritaya ya mai da hankali ga ƙwallon raga da harkokin kasuwanci. Ya rasu a gidansa na Los Anjalis ran 12 ga watan Oktoba, 1999, sanadin ciwon zuciya, yana da shekara 63.

Masu karatu, abin lura shi ne kofi biyun da Wilt ya ɗauka a rayuwarsa, na 1967 da na 1972, duk sun zo ne a shekarun da ya yarda ya rage nasa rabon. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da kuwa hannun na mai ƙafa bakwai ne.