Percy Girouard: Injiniyan layin dogon da ya haifar da garin Kaduna

Kafin jirgin ƙasa ya ƙetare Kogin Kaduna babu babban gari a inda Kawo, Unguwar Rimi da Malali suke a yau, sai ƙauyukan Gbagyi jefi-jefi. Mutumin da aka turo ya shimfiɗa wannan layi shi ne Sir Percy Girouard, sojan injiniya ɗan ƙasar Kanada, wanda ya mulki Arewacin Najeriya daga 1907 zuwa 1909.

An haife shi a birnin Montreal ranar 26 ga Janairun 1867. Mahaifinsa, Désiré Girouard, lauya ne da ya kai matsayin alƙali a Kotun Ƙolin Kanada. Percy ya kammala kwalejin soja ta Kingston a 1886, ya yi ɗan aiki da kamfanin jirgin ƙasa, sannan a 1888 ya shiga rundunar injiniyoyi ta sojan Birtaniya.

Layin da ya ratsa hamada

Sunansa ya fara fitowa ne a Sudan. Janar Kitchener na neman hanyar kai sojoji da makamai kudu domin yaƙar daular Mahadi, ga shi Kogin Nilu ya yi dogon kewaye mai cike da duwatsu. Sai ya ɗora wa Girouard, wanda a lokacin laftana ne, aikin yanke hamadar Nubiya da layin dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed. An fara a farkon 1897, aka kai Abu Hamed kafin shekarar ta ƙare.

Wannan layi ne ya riƙa ciyar da rundunar da ta murƙushe mayaƙan Halifa Abdullahi a Omdurman cikin Satumban 1898, inda dubban 'yan Sudan suka rasa rayukansu. Daga nan aka ba Girouard shugabancin jiragen ƙasa na Masar, sannan na soja a Afirka ta Kudu lokacin yaƙin Boer na 1899 zuwa 1902.

Me ya sa sai ƙarfe a kan ƙarfe?

Sana'ar Girouard gaba ɗaya ta tsaya ne a kan abu guda: gogayya, wato turjiyar da ake samu idan abu biyu suka gogi juna. Duk wanda ya taɓa tura baro a cikin yashi ya san ta. Ƙarfin da yake sawa ba a kan kayan kaɗai yake tafiya ba, galibinsa ƙasa ce ke cinyewa yayin da taya ke nutsewa.

Tayar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta nutsewa, ba ta kuma lotsewa kamar ta roba. Turjiyar da take fuskanta idan tana mirginawa ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin goma na wadda tayar mota ke fuskanta a kan kwalta ba. Shi ya sa kan jirgi ɗaya ke jan taragai masu ɗauke da kayan da a da sai ayarin jakuna da raƙuma da 'yan dako sun yi makonni suna jigila.

Amma wannan santsi yana da tasa matsalar. Kan jirgi ba ya motsawa sai tayoyinsa sun kama dogon. Idan hawa ya yi tsauri, ko ruwan sama ya jiƙa ƙarfen, sai tayoyin su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Saboda haka ake sa wa kan jirgi akwatin yashi da ke zuba kaɗan-kaɗan a gaban taya domin ta samu abin kamawa. Saboda haka ne kuma masu awon hanya ke kewaye tudu maimakon su hau shi, a yanke ƙasa a nan, a cike kwari a can. Kowane tudu da aka rage wa tsayi, hannun mutane ne ya haƙe shi.

Daga Baro zuwa Kano

Bayan Lugard ya bar Arewa a 1906, gwamnatin Birtaniya ta zaɓi Girouard ya gaje shi, musamman don ya gina layin dogo cikin araha. Masaƙun Lancashire na son audugar ƙasar Hausa. An zaɓi Baro a bakin Kogin Neja a matsayin mafari, domin jiragen ruwa na iya kawo ƙarafa da injuna har can idan ruwa ya cika. Daga nan layin ya bi ta Minna, ya ƙetare Kogin Kaduna, ya wuce Zariya zuwa Kano, tsawon fiye da kilomita 560. Faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, daidai da wanda ya shimfiɗa a Sudan. Injiniya John Eaglesome ne ya jagoranci aikin a fili.

Arahar da aka yi alfahari da ita a Landan, talakawa ne suka biya ta. An ɗora wa sarakuna da hakimai da dagatai alhakin kawo ma'aikata, aka riƙa ɗebo manoma daga ƙauyuka ko suna so ko ba sa so. Ana biyansu da kuɗin Turawa, wanda da shi kuma ake karɓar haraji. Hausawa suka kira aikin da sunan abin haƙar, wato diga, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya rubuta Waƙar Diga a kansa.

Girouard bai ga ƙarshen aikin ba. An mayar da shi Gabashin Afirka a 1909, layin kuma ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Audugar da aka yi tsammani ba ita ta cika taragai ba, gyaɗa ce. Ya kuma bar wata alamar a kan filaye: shi ya tura batun da ya kai ga dokar 1910 wadda ta sa ƙasar Arewa baki ɗaya a hannun gwamna.

Da Lugard ya dawo yana neman sabuwar hedikwata, sai ya zaɓi inda layin ya ƙetare kogi, saboda ga ruwa ga jirgi. Sojoji suka fara sauka a 1913, aka ƙaurar da gwamnati daga Zungeru a 1917. Ofisoshi da barikoki da gidajen Turawa suka zauna a arewacin kogin.

Ƙarshen rayuwarsa

A Kenya abin bai yi masa daɗi ba. Ya goyi bayan tayar da ƙabilar Maasai daga makiyayarsu ta Laikipia domin a bai wa Turawa, lamarin da ya haɗa shi rigima da Ofishin Mulkin Mallaka, ya ajiye aiki a 1912. Ya koma kamfanin ƙera makamai na Armstrong Whitworth, kuma a 1915 ya riƙe sashen samar da makamai na gwamnatin Birtaniya na ɗan lokaci. Ya rasu a Landan ranar 26 ga Satumban 1932 yana da shekara 65.

Tsohon layinsa na nan yana ratsa unguwannin Kaduna, kuma tun 2016 ga sabon layin Abuja da ke tashi daga Rigasa. Ƙarfen ya canza, amma ƙa'idar tana nan: ƙarancin gogayyar da ke sa jirgi jan kaya masu nauyi shi ne ke hana shi tsayawa nan take. Ko direba ya hango mutum ko mota a kan layi ya danna birki, jirgin da ya ɗauki gudu kan ci gaba da tafiyar ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. Mai kasa kaya a gefen dogo da ɗan acaɓan da ke son ya riga jirgi wucewa, wannan lissafin ya shafe su.